Dandali kafin aji: tarihin renon yara ta hanyar wasa a ƙasar Bana

Garin Bana yana cikin gundumar Gaya, a jihar Dosso, kan kwarin Foga wanda gishirinsa ya yi suna tun kafin Heinrich Barth ya ratsa kwarin a shekarar 1853. Mazauna ƙasar sun haɗa da Kyangawa da Hausawa da Dandawa da Fulani. Galibin Kyangawa sun bar harshensu na asali sun koma Hausa. Wannan ya sa yankin ya cancanci nazarin masu tsara ilimin ƙananan yara, domin harshen da yaro ya yi wasa da shi, shi ne yakan zauna masa a baki.

A tsarin gargajiya, bayan yaye, watau wajen shekara 2, yaro yakan bar bayan uwa ya shiga hannun yayye da kakanni, sa'an nan ya faɗa cikin tsaransa. Makarantarsa ta farko ita ce ƙofar gida da dandali, inda babu malami kuma babu bulala. Yara su ke zaɓen wasa, su ke raba kansu, su ke yanke hukunci idan gardama ta tashi. A wasan langa, su ke fid da wanda zai zama ruwa da waɗanda za su kāre shi har ya kai wurin sha. A ƴar carafke, yarinya tana koyon ƙirga da tsakuwa tun ba ta ga lamba a rubuce ba. Da kara da yumɓu ake ƙera shanu da motoci da ƴar tsana. A watan azumi kuwa, su ke shirya tashe, su raba abin da suka samu. Manya sukan sa ido daga nesa, ba sa tsoma baki sai in abin ya kai ga rauni. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, ya nuna irin wannan ƙuruciya, abin da ke tabbatar da cewa al'adar ta game ƙasar Hausa.

Makarantar allo ba ta rushe wannan tsari ba, domin tana da lokutanta, sauran yini da daren farin wata na yara ne. Makarantar boko ta zamanin Faransa ita ce ta zo da wani salo dabam: zama a jere, shiru, da haddar abin da malami ya faɗa cikin Faransanci. A makarantu da yawa na Afirka ta Yamma, akan rataya wa yaron da ya yi harshen gida wata alama ta kunyatarwa. Ta haka yaron da ke shugabantar wasa da maraice ya zama bebe da safe.

A Turai kanta, masu gyaran ilimi sun riga sun juya wa wannan salo baya. Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa suna lambun yara a Jamus a 1840, ya kuma ɗora ta a kan wasa. Maria Montessori ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, inda yaro ke zaɓen aikinsa da kansa. Abin da suka kafa da nazari, dandali ya daɗe yana yin irinsa da gado.

A Nijar, gyara ya fara da harshe. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta sanya ilimin share fage cikin matakan karatu na ƙasa, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma sauya harshe kaɗai ba ya mayar wa yaro ikon da yake da shi a dandali. Ana iya tilasta shiru da hadda cikin Hausa kamar yadda aka yi cikin Faransanci.

Saboda haka aiki biyu ke gaban masu bincike da masu tsara yaƙi da jahilci a ƙasar Gaya. Na farko, a tattara wasannin yara daga bakin tsofaffi, da sunayensu da dokokinsu, cikin Hausa da Dandanci da Fillanci, tare da abin da ya rage na Kyanganci. Na biyu, a horar da masu renon lambunan yara su ware lokacin da yara za su tafiyar da kansu, da kayan da ƙasar ke bayarwa, mai reno yana kallo kamar yadda kaka takan yi daga bakin zaure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya kamata ya fara duba inda iccen ya nufa.