Shirin Bizar DV na Amurka

Shirin Bizar DV, wanda jama'a suka fi sani da cacar biza, hanya ce da gwamnatin Amurka ke bai wa 'yan ƙasashen waje izinin zama na dindindin ta hanyar ƙuri'a. Ya bambanta da sauran manyan hanyoyin samun katin zama na Green Card, wato dangantaka, aiki da mafaka, domin ba ya buƙatar mutum ya kasance da ɗan'uwa ko mai ɗaukarsa aiki a Amurka. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ce ke gudanar da shi.

Tarihi

An kafa shirin ne a ƙarƙashin Dokar Shige da Fice ta shekarar 1990, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sanya wa hannu. Ya fara aiki a shekarar kuɗi ta 1995. Dokar ta ware biza 55,000 a kowace shekara, da nufin buɗe ƙofa ga ƙasashen da mutanensu ba su cika yin ƙaura zuwa Amurka ba. Ana raba bizar tsakanin yankuna shida na duniya, kuma babu ƙasar da za ta samu fiye da kashi 7 cikin 100 a shekara guda.

Sharuɗɗa

Sharaɗi na farko shi ne ƙasar haihuwa, ba fasfon da mutum ke riƙe da shi ba. Duk ƙasar da mutanenta fiye da 50,000 suka yi ƙaura zuwa Amurka cikin shekaru biyar da suka gabata, ana cire ta. Wannan ne ya sa aka cire Najeriya tun daga zagayen DV-2015, wanda aka yi rajistarsa a 2013, yayin da Nijar, Ghana da Kamaru suka ci gaba da kasancewa a ciki. Wanda aka haifa a ƙasar da aka cire yana iya shiga da ƙasar haihuwar matarsa ko mijinta, muddin za su tafi tare.

Sharaɗi na biyu shi ne kammala karatun sakandare, ko kuma ƙwarewar aiki ta shekara biyu cikin shekaru biyar da suka wuce, a sana'ar da koyon ta ke ɗaukar aƙalla shekara biyu.

Yadda ake nema

An saba buɗe rajista a intanet daga watan Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sannan a fitar da sakamako a watan Mayu. Kwamfuta ce ke yin zaɓen. Wanda ya yi rajista sau biyu a shekara ɗaya ana soke shi. Dole ne mai nema ya rubuta sunan matarsa ko mijinta da duk 'ya'yan da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 21 ba, ko da ba za su bi shi ba. Ɓoye ɗaya daga cikinsu na jawo a hana shi bizar. Dokar Amurka ba ta amince da auren mace fiye da ɗaya ba.

Fitowar suna ba ta nufin an samu biza, domin ana zaɓar mutane fiye da adadin bizar da ake da ita. Bayan zaɓe akwai cike fom, gwajin lafiya, takardar shaidar 'yan sanda, biyan kuɗi da ganawa a ofishin jakadanci. Wanda bai karɓi bizarsa ba zuwa ranar 30 ga Satumba ta wannan shekarar kuɗi, damarsa ta wuce. Wanda ya dace kuma yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar.

Damfara

'Yan damfara kan aika saƙon cewa mutum ya ci, su nemi ya tura kuɗi. Ma'aikatar ba ta sanar da sakamako ta wasiƙa ko imel. Mai nema ne ke dubawa da kansa a shafinta, da lambar da aka ba shi ranar rajista.

Cece-kuce

Shugaba Donald Trump ya yi kira da a soke shirin bayan harin da Sayfullo Saipov, ɗan Uzbekistan da ya shiga ƙasar ta wannan hanya, ya kai a birnin New York a 2017. A Janairun 2020 an hana 'yan Sudan da Tanzaniya bizar, kafin Shugaba Joe Biden ya ɗage haramcin a 2021. A Yunin 2025 Chadi da Sudan sun shiga jerin ƙasashe 12 da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka.