Tarihin Ed Hardy, Mai Jarfar da Zanensa Ya Koma Tufafi

A rubutun boko kalmar "zane" tana ɗauke da ma'ana biyu, tun da ba mu nuna tsawon wasali: akwai zanen da ake yi da alƙalami ko aska, akwai kuma zanen ɗaurawa. A cikin wannan ɗan bayani za mu duba tarihin wani mutumin Amurka da sana'arsa ta haɗa su biyun. Mun zaɓi kalmar "jarfa" don aikinsa, watau shigar da launi cikin fata da allura, domin a bambanta shi da tsagar gado da wanzami yake yi.

An haifi Don Ed Hardy a shekarar 1945, ya kuma girma a bakin teku a jihar Kaliforniya. Tun yana yaro yake yi wa abokan wasansa jarfar ƙarya da fensir mai launi. Ya yi karatu a makarantar fasaha ta San Faransisko, inda ya ƙware wajen ɗab'in zane, ya gama a 1967. Jami'ar Yale ta ba shi gurbin ƙaro ilimi, amma ya bari ya kama jarfa, sana'ar da a wancan zamani ake gani ta sojojin ruwa ce da ƴan iska.

Salonsa ya samo asali daga wuri biyu. Na farko shi ne Sailor Jerry Collins na Honolulu, gwanin tsohon salon Amurka mai kaurin layi da launuka kaɗan: mikiya, zuciya, wuƙa, jirgin ruwa. Na biyu shi ne Japan, inda jarfa ta samu siffarta daga hotunan ɗab'in katako, musamman na Kuniyoshi a wajajen 1827, aka kuma haramta ta daga 1872 har 1948. A 1973 Hardy ya tafi garin Gifu ya zauna wurin malami Horihide. A can ya koyi ɗaukar jiki duka a matsayin fili guda, a shimfiɗa masa damisa ko kifi ko igiyar ruwa daga kafaɗa har cinya.

Da ya komo, sai ya buɗe shagonsa a San Faransisko a 1974. Da can mai son jarfa yakan zaɓi hoto ne daga waɗanda aka liƙa a bango. Hardy kuwa sai ya zauna da mutum, ya saurare shi, sa'an nan ya zana masa abin da ya dace da jikinsa shi kaɗai. A 1982 shi da matarsa suka fara buga mujallar Tattootime, wadda ta jawo hankalin masu bincike ga wannan sana'a.

A farkon shekarun 2000 ya ba wani kamfani izinin buga tsofaffin zane-zanensa a kan taguwa. Bayan haka wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Christian Audigier, ya karɓi izinin, ya cika huluna da riguna da takalma da damisa da ƙoƙon kai, ya ƙara musu duwatsu masu ƙyalli, ya raba wa taurarin sinima da mawaƙa su sa. A 2009 cinikin ya haura dala miliyan 700. Amma da kayan suka cika kasuwa har da na jabu, sai sunan ya zama abin ba'a, shari'a ta shiga tsakanin mutanen biyu, daga baya a 2011 kamfanin Iconix ya mallaki mafi yawan haƙƙin sunan. Audigier ya rasu a 2015.

Abin lura a nan shi ne, darajar aikin Hardy ta dogara ne ga zane ɗaya don mutum ɗaya, kasuwar tufafi kuwa sai da maimaici take ci. Zanen da ya bar fata ya hau yadi ya bar hannun mai shi, har miliyoyin da suka sa rigar ba su san "Ed Hardy" sunan mutum mai rai ba ne. Sai a 2019, da gidan tarihi na de Young a San Faransisko ya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa, jama'a da dama suka sake haɗa sunan da mai hannun. Duk mai nazarin sana'o'in hannu, ko na masaƙa ne ko na maɗinka aska takwas, zai ci karo da wannan tambaya ran da injin ya fara kwafar aikinsu: zanen na wane ne, sunan kuma na wane ne?