Wucin-gadi

wucin-gadi [wucìn-gādì] sn., nj.; jam. babu. Yana bin *na/ta* ko ɗafin mallaka.

1. abin da aka yi don ya riƙe na ɗan lokaci kafin na dindindin ya samu: *Da ruwa ya ci katangar gidansu a Achika, sai suka kafa zana ta ~.* *An yi rumfar ~ ranar Juma'a a karar Wudil.*

2. (mulki) riƙo kafin zaɓe: *gwamnatin ~ ta Cif Ernest Shonekan*, 26 Agusta zuwa 17 Nuwamba 1993. A nan *riƙon ƙwarya* ya fi dacewa.

3. (sabuwar ma'ana) ƙirar mutum: *tafkin ~*. Akwai ruɗani, don irin wannan tafki yakan daɗe.

matakin ~ nj., jam. *matakan ~*: dabarar tsai da ɓarna kafin a sami mafita. Ing. *temporary measure*, *interim measure*. Fotugis *medida temporária*.

Lura: kada a haɗa *medida temporária* da *medida provisória*. A Brazil ta biyun doka ce da shugaban ƙasa ke kafawa kan lamarin gaggawa, bisa sashe na 62 na tsarin mulkin 1988. Tana aiki nan take, kwana 60, a ƙara 60 sau ɗaya. In majalisa ba ta amince ba, dokar ta faɗi. Sai mai fassara ya ce *dokar ~ ta shugaban ƙasa*.

Kishiya: *dindindin*. Duba: *riƙo*, *kantoma*.