Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida: Tarihi Daga Jos

A Gada Biyu, can yankin Kabong na birnin Jos, ba a rasa fostar wani mawaƙi manne a jikin katanga ko turken lantarki: ga hotonsa, ga ranar wasa, ga kuɗin shiga, ga lambar wayar da za a kira. Sau da yawa lambar tasa ce. Shi ya rubuta waƙar, shi ya biya kuɗin situdiyo, shi ya kai fostar maɗaba'a, shi ne kuma zai yi ta zarya gidajen rediyo ana hira da shi har ranar wasan ta zo. In yana da ɗan littafin da ya wallafa, a bakin ƙofar zauren za a baje shi a kan tebur. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin sabon yayin da wayar hannu ta kawo, ko kwaikwayon mawaƙan Legas da Amurka. Tarihi bai goyi bayansu ba. Mawaƙi mai cin gashin kansa ya girmi intanet nesa ba kusa ba, kuma abin da ya haife shi shi ne samuwar gari mai masu sauraro da kuɗi a aljihu, amma babu ubangida guda da zai ɗauki nauyin mai fasaha. A Arewa kuwa babu garin da wannan siffa ta fi fitowa fili kamar Jos.

A tsohon tsarin ƙasar Hausa, makaɗi yana da inda yake jingine. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, Sarkin Taushi na fadar Katsina. Wanda ba na fada ba yana da sana'ar da yake yi wa kiɗa: mai kalangu na mahauta, mai gangar noma na manoma, Ɗan Anace na 'yan dambe. Ubangida ke ba da hatsi da riga da doki, shi ke tara jama'ar da za ta saurara, sanƙira kuma yana gefe yana ƙara wa magana gishiri. Makaɗi irin wannan ba ya bukatar talla, domin ranar Sallah ko ranar naɗin sarauta an riga an tara masa taro. Marubuci ma da ya shigo a zamanin boko ƙofa ɗaya ya samu. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da su Abubakar Imam, daga nan sai hukumar NORLA, sai kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. In editan Zariya bai karɓi rubutunka ba, to sai dai ya kwana a adaka.

Jos ba ta tashi a kan wannan tsari ba. Kuza ce ta kafa birnin. Daga farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙo ta a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, aka shimfiɗo ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso a 1914, babban layi kuma ya iso ta Kafanchan a 1927. Leburori suka kwararo daga Kano da Sakkwato da Barno da Bauci, akawuna da masu sana'ar hannu daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo, ga 'yan ƙasa da haraji ya tura ramin kuza. Kowace al'umma da shugabanta, babu wata fada guda da tambarinta ya game kowa. Abubuwa biyu ne suka game su. Na farko lada a hannu, wadda lebura yake karɓa ya kashe yadda ya ga dama. Na biyu Hausa, wadda ta zama harshen bariki da kasuwa da tasha. Har masu bishara da suka mai da Jos cibiyarsu da Hausa suka yi aiki: Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, waƙoƙin sujada kuma da Hausa ake rera su a majami'un Filato har yau. Ke nan tun kafin a sami 'yancin kai an sami taron da zai iya jefa wa mawaƙi sisi da sule, ba tare da mawaƙin ya san asalin kowa ba, balle ya wasa kakansa.

Mutumin da ya fi kowa gane amfanin wannan taro shi ne Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946. Abin lura a rayuwarsa shi ne hanyar fada a buɗe take gare shi. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne, da iyayensa suka rasu yana ƙarami kuma sarkin ne ya riƙe shi. Da ya so ya gaji gidan da ya gada. Sai ya ɗauki kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake haɗawa da gwangwanin kifi a rufe shi da fata, wanda mutum zai iya sa shi cikin aljihun riga ya hau mota. Ba 'yan amshi, ba makaɗa, ba sanƙira. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ta fuskar tattalin sana'a: wanda ba ya ciyar da tawaga ba dole ne ya nemi attajirin da zai ciyar da ita ba. Shi ya sa ya iya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke ɗaure kaya yana sa wa taya waigi, wanda ba shi da doki ko riga da zai bayar. Ya yi waƙoƙi kan zaman aure da gulma da auren dole da halin ɗan Adam, yana sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai raba faɗa, duk shi kaɗai. Masu sayen irin wannan waƙa su ne mutanen da take magana a kansu, kuma ba Hausawa kaɗai ba. Har ya rasu a ranar 20 ga Yuni 2015, sunan da duniya ta san shi da shi na gari ne, ba na wani basarake ba.

Za a ce ai Mamman Shata ma ba na kowa ba ne, kuma shi Bakatsine ne, to me ya sa za a ba Jos tutar? Gaskiya ne Shata bai taɓa zama makaɗin fada ɗaya ba, kuma babu wanda ya isa ya ce ya mallake shi. Amma Shata yana tafe da masu kalangu da 'yan amshi, kuma kaso mai yawa na waƙoƙinsa na sarakuna ne da attajirai da manyan ma'aikata. Shi ya yawaita iyayen gida ne har babu wanda zai iya juya shi. Ɗanmaraya kuwa, ko da yake shi ma ya yi wa manya waƙa, ya nuna cewa ana iya gina suna a kan talaka mai sauraro. Abin da ya ƙarfafa hanyoyin biyu shi ne na'ura: Rediyon Kaduna daga 1962, faifan garmaho, sannan kaset wanda ya shiga kowace motar haya. Jos kuma ta sami rabo babba a nan. Gidan talabijin na jihar Binuwai-Filato shi ya fara watsa hoto mai launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, a nan aka ɗauki wasan Cock Crow at Dawn, a nan kwalejin talabijin ta NTA take, nan kuma Hukumar Fina-finai ta Ƙasa ta dawo da hedikwatarta. Gari ya cika da masu ɗaukar sauti da masu gabatar da shiri, matashi mai waƙa yana iya samun wanda zai naɗa masa ita da wanda zai yi hira da shi ba tare da ya je Legas ba.

Ta ɓangaren majami'a aka ga wani reshe na wannan tarihi. Panam Percy Paul ya zauna a Jos ya kafa kamfaninsa da makarantar koyar da kiɗa, yana fitar da kundayensa da kansa. Jeremiah Gyang ya fito da Na Ba Ka a tsakiyar shekarun 2000, waƙar Hausa da ta ratsa har gidajen rediyon Kudu. Su P-Square da M.I da Ice Prince duk a Jos suka yi ƙuruciyar waƙarsu, amma su sun tafi Legas, don haka labarinsu wani ne daban.

Haɗuwar waƙa da littafi a hannun mutum ɗaya kuwa daga Kano ta fi bayyana. Ba baƙon abu ba ne a ce marubuci yana rera abin da ya rubuta, Aƙilu Aliyu ya yi, Imfirajin Aliyu Namangi ma a bakin makafi masu bara ta zaga ƙasa. Sabon abu shi ne marubuci ya zama ɗan kasuwar kansa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, sai matasa suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna tallata littattafan juna a cikin nasu, ana karanta labaran a rediyo, ana kai su kasuwa a dami. Masana suka raɗa wa wannan rubutu suna adabin kasuwar Kano, da nufin raini, amma kasuwar ce ta raya shi. Daga cikin wannan zuri'a Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, ya fito. Da littattafai ya fara, irin su Jirgi Ɗaya Ke Ɗauke da Ni da Baƙar Aniya, kafin waƙa ta rinjaya, ya kafa Taskar Ala ya riƙa fitar da aikinsa da kansa. A 2009 ya ga abin da rashin inuwa yake jawowa: lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano take ƙarƙashin Abubakar Rabo, aka haramta wasu waƙoƙi ciki har da Hasbunallahu tasa, aka kama shi aka kai shi kotu. Makaɗin fada ba a yi masa haka sai an taɓa ubangidansa. Abin da ya tsaya wa Ala shi ne jama'ar da ke sauraronsa da 'yan jaridar da suka yi ta ɗaukar maganarsa.

Daga nan ne za a fahimci dalilin da ya sa hira da wasa suka zama jigon sana'ar. Kaset da faifan CD sun ɗan ba mawaƙi abin sayarwa, sai masu satar fasaha suka cinye ribar, sannan masu turi suka ƙarasa ta. Yaro ne zaune a ƙarƙashin lema da tsohuwar kwamfuta da igiyoyin caji, ka miƙa masa ɗan katin wayarka ya cika maka shi da waƙoƙi ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba, kuma ko kwabo ba ya isa ga mai waƙar. Da waƙar kanta ta daina kawo kuɗi, sai ta koma tallar mai ita. Kuɗin yana wurin biki da liƙi, da wasan Sallah ko na Kirsimeti, da tikitin zaure, da ranar ƙaddamarwa. Don a cika zauren kuwa dole a san fuskarka da labarinka, shi ya sa mawaƙi yake neman mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, da Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, da tashoshin Jos irin su Peace FM da Unity FM da Jay FM. Aikin da sanƙira yake yi a da, yanzu mai gabatar da shiri ne yake yin sa.

A Jos hira ta ɗauki wani nauyi na daban, saboda abin da ya sami garin. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun raba unguwanni bisa addini, babbar kasuwar Terminus da ke haɗa kowa kuma ta ƙone a 2002. Gada Biyu kanta tana cikin wuraren da bama-bamai suka tashi a jajibirin Kirsimetin 2010. Bayan haka zaɓen wurin wasa ya zama lissafi mai wuya: zauren da matasan Kabong za su shiga hankali kwance, na Unguwar Rogo za su yi ɗari-ɗari da shi, haka nan in an juya. Ga dokar hana fita da takan kashe wasan dare. Taron gama-gari da ya yi Ɗanmaraya ya tsage biyu. Muryar rediyo da waƙar cikin waya ne kawai suka ci gaba da tsallaka iyakar da ƙafa take shakkar tsallakawa, kuma da Hausa suke tsallakawa, domin ita ce har yanzu ɓangarorin biyu suke ciniki da ita.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan bayani ita ce 'yancin duk na baka ne. Masu wannan ra'ayi suna cewa ubangida bai mutu ba, riga ya sauya: jiya sarki, yau ɗan siyasa, kuma duk wanda ya ga yadda Dauda Kahutu Rarara ya bunƙasa ya san inda kuɗin waƙar Hausa yake. Suna ƙarawa da cewa ranar ƙaddamar da littafi ko kundi, inda ake kiran babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyoyi, roƙo ne da aka sa wa kwat. Akwai gaskiya mai yawa a nan, kuma Ala kansa ya yi wa sarakuna da 'yan siyasa waƙa, har an ba shi sarautu. Sai dai bambancin yana wurin mallaka. Makaɗin fada in ya ɓata da fada ya rasa kiɗan da masu sauraron gaba ɗaya. Mawaƙin da ke riƙe da asalin sautinsa, da haƙƙin littafinsa, da tasharsa ta YouTube, in ya ɓata da gwamna kwangila ɗaya ya rasa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta faɗaɗa kariyar har zuwa abin da aka ɗora a intanet, ko da yake tsakanin doka da lemar mai turi akwai tafiya.  Kuɗin babban mai ƙaddamarwa kuwa, marubuta sun daɗe suna kukan cewa da yawansa a lasifika yake tsayawa, sai an yi ta sintiri ofis kafin a ga rabinsa, in an gani. Wannan ya sa masu wayo a cikinsu suka fi dogara da tikiti da kwafin da ake saya a bakin ƙofa, kuɗi kaɗan-kaɗan daga hannun mutane da yawa, wanda ake ƙirgawa a daren kafin a biya mai zaure da mai janareta.