Karatun shari'a a Nijar: ina ɗalibin Damargu zai dosa?

Ɗalibin Tanut ko Belbeji da ya samu takardar BAC, yake kuma son zama alƙali ko lauya, sai ya yi ƙaura daga gida. Manyan wurare uku ne ke gabansa: Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da Jami'ar Musulunci ta Say.

Ta Say tana bayan gari, kimanin kilomita 55 kudu da Yamai. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OCI ce ta kafa ta, aka buɗe ta a 1986. Sashenta na shari'a ya haɗa fiƙihu da dokokin zamani, kuma Larabci ne ke da rinjaye. A Yamai da Tawa kuwa da Faransanci ake karatun: shekara 3 a samu lisansi, a ƙara 2 a samu masta. Mai son alƙalanci sai ya ci jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN a Yamai.

Ga Damargu, amfanin wannan karatu a fili yake. Yanki ne da gonaki suka haɗu da makiyaya, kuma rikicin burtali da na rijiya ba baƙo ba ne. Kotunan Nijar na aiki da al'ada kan aure, gado da gona, ga kuma dokar tsarin karkara ta 1993. Wanda ya iya doka, yake kuma jin Hausa, Fulatanci ko Buzanci, shi talakan Damargu ke buƙata a gaban alƙali.