Amsoshin Tambayoyinku: Mai Kantin Da Ta Zama Sanata A Ƙasar Ailan

Wata mai sauraronmu 'yar kasuwa ta rubuto tana tambaya, wai da gaske ne an taɓa yin wata mai sayar da ƙwai da man shanu a ƙasar Ailan wadda har ta zama sanata?

To, Hajiya, gaskiya ne. Sunanta Jennie Wyse Power, an haife ta a 1858 a garin Baltinglass, amma a birnin Dablin ta tashi. A zamanin nan Ailan tana ƙarƙashin Ingila, yawancin gonaki kuma na wasu manyan masu ƙasa ne. Manomi aro yake nomawa, yana biyan kuɗin haya. In shekara ta ƙi, ya kasa biya, sai a fitar da shi da iyalinsa waje. Manoma suka kafa ƙungiya don ƙin wannan zalunci, gwamnati ta kama shugabanninta ta ɗaure a 1881, ciki har da Charles Parnell. Sai mata suka riƙe aikin a ƙarƙashin ƙanwarsa Anna Parnell. Nan Jennie ta shiga gwagwarmaya tana budurwa. Matan suna rubuta sunayen waɗanda aka kora daga gonaki, suna kai musu taimako, har da gina musu bukkokin katako.

Ta auri wani ɗan jarida, John Wyse Power, a 1883. A 1899 ta buɗe kanti a gida mai lamba 21, titin Henry. Ƙwai take sayarwa, da man shanu, da zuma, da sauran kayan gona. Ka'idarta ɗaya ce: abin da ba manomin Ailan ya samar ba, ba ya shiga kantinta. Wanda ya san kasuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, don kayan waje sun cika gari, mai saye kuwa araha yake bi. Ta kuma buɗe wurin cin abinci a nan, ya zama matattarar masu neman 'yancin ƙasa. Tana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Sinn Féin a 1905, ita ce kuma shugabar farko ta ƙungiyar mata ta Cumann na mBan a 1914.

A watan Afrilu na 1916 aka yi tawaye a Dablin. A gidanta ne jagororin tawayen su bakwai suka sa hannu a takardar shelar jamhuriya. Babban gidan waya da suka mai da hedkwatarsu yana dab da kantin, ita da 'yarta Nancy suka riƙa kai musu abinci. Cikin mako guda sojojin Ingila suka murƙushe tawayen, aka harbe duka bakwai ɗin, kantin da gidan kuma suka ƙone ƙurmus. Ba ta bar sana'a ba, ta sake kafawa.

Jarrabawar da ta fi zafi sai a Disamba 1921, da aka yi yarjejeniya da Ingila: gundumomi 26 su sami mulkin kai, 6 na arewa su zauna da Ingila. Jennie ta ce a karɓa. Yawancin matan ƙungiyar da ta shugabanta suka ce faufau, dole ta fita ta bar su. Abin ya kai ga yaƙin basasa, abokan jiya suka koma harbin juna.

A 1922 aka naɗa ta cikin majalisar dattawa ta sabuwar ƙasa, ɗaya daga cikin mata huɗu a cikin sanatoci 60. A ganinmu nan halinta ya fi fitowa fili. Gwamnatin da ta mara wa baya ta kawo doka a 1925 wadda za ta hana mata wasu ayyukan gwamnati, Jennie ta tashi ta soke ta, majalisar kuma ta ƙi amincewa. A shekarar ta bar jam'iyyar gwamnati. A 1927 ta sake ƙin dokar rage shigar mata cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Ta koma jam'iyyar Fianna Fáil a 1934, amma da su ma suka kawo dokar da ta ba minista ikon taƙaita aikin mata a masana'antu, ba ta raga musu ba, ko da yake dokar ta wuce.

An rushe majalisar a 1936, nan aikinta na sanata ya ƙare. Ta rasu a Dablin cikin Janairu 1941, tana da shekara 82.