Juj: Zangon Baƙin Tsuntsaye

Duk wanda ya keɓe Asabar da Lahadi cikin hunturu, ya shiga kwalekwale a fadamar Juj riƙe da madubin hangen nesa, zai ga kwasakwasa sun rufe tsibiri fari fat, kirinjijiya na tashi garke-garke. Sai ya ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Amma idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar saura ƙiris wannan ni'ima ta salwanta.

Juj tana arewacin ƙasar Senegal, kusa da inda Kogin Senegal ke faɗawa Tekun Atlantika. Tana cikin wuraren ruwa na farko da tsuntsayen Turai ke riska bayan sun ƙetare Sahara, shi ya sa fiye da miliyan ɗaya ke yada zango a nan daga Nuwamba zuwa Afrilu. A shekarar 1971 aka mayar da ita gandun daji na ƙasa, a 1981 kuma hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kayan gadon duniya.

A da, ambaliyar damina ke cika fadamar, da rani kuma ruwan teku ya hauro kogi da gishirinsa. Wannan gishiri, wanda manomi ke kuka da shi, shi ke ƙone ciyayin ruwa kafin su yi ƙarfi. Da aka kammala madatsar Diyama a 1986 don tare ruwan gishiri saboda noman shinkafa, sai ruwan daɗi ya zauna dindindin. Kacalla ta toshe magudanai, wata baƙuwar ciyawa mai suna salbiniya, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shimfiɗu bisa ruwa kamar tabarma. A 2000 aka sanya Juj cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Ba ta fita ba sai 2006, bayan an saki wani ɗan ƙwaro mai cin salbiniya.

Mu ma wannan labari ba baƙonmu ba ne, domin mun ga yadda kacalla ta mamaye fadamar Haɗejiya da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Calawa. Saboda haka kafin mu tare kogi, ya kamata mu tambayi aikin da ambaliya da rani ke yi mana ba tare da mun biya ba. Tsuntsun da ya ƙetare Sahara ya tarar babu ruwa ba shi da wani masauki a baya.